Yadda Za a Tsara wa Dattijo Taimakon da Zai Sa Ya Ci Gaba da Zama a Gidansa a Zariya

A unguwannin Zariya, daga Kwarbai da Limancin Kona a cikin birni har zuwa Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, ana ƙara samun dattawan da suke zaune su kaɗai ko kuma da jika ɗaya ƙarami, saboda 'ya'ya maza sun tafi aiki Kaduna, Kano ko Abuja, 'ya'ya mata kuma suna ɗakunan mazajensu. Mafi yawan waɗannan dattawa ba sa son barin gidan da suka yi rayuwarsu a ciki, kusa da masallacin da suka saba da maƙwabtan da suka sani, kuma sau da yawa gaskiya tana wajensu, domin tsohon da aka ɗauke daga muhallinsa yakan yi saurin rauni. A ƙasashe irin su Ingila, ƙaramar hukuma ce take aiko da jami'i ya duba bukatun tsoho, sannan a tsara masa masu zuwa gida. A Nijeriya an sanya hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, a shekarar kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa, amma har yanzu babu ofishi guda a Zariya da iyali za su je a haɗa musu komai. Iyali ne za su tattaro taimakon daga asibitin mazaɓa, inshorar lafiya, fansho, maƙwabta da ma'aikacin da suka ɗauka, kuma ma'aunin kowane mataki shi ne a taimaka wa dattijo a inda ya gaza ba tare da an ƙwace masa abin da yake iyawa ba.

Mataki na farko: a tambayi mai jikin

Kafin a sayi komai ko a ɗauki kowa aiki, a zauna da dattijon a ji daga bakinsa. Tambaya irin ta "Baba, wane abu ne ya fi ba ku wahala daga asuba zuwa kwanciya?" ta fi fito da gaskiya a kan "Baba, lafiya dai ko?", wadda amsarta kullum ita ce alhamdu lillahi. Kunya takan hana uwa ta faɗa wa ɗanta namiji cewa fitsari yana kufce mata, ko uba ya faɗa wa 'yarsa cewa tsugunno a masai ya gagare shi, saboda haka a zaɓi wanda ya dace da irin wannan magana, kamar ƙanwar Inna, ko aminin Baba, ko jikar da suke wasa da ita.

Daga nan a ɗauki takarda a bi ayyukan yini ɗaya bayan ɗaya: tashi daga shimfiɗa, zuwa bayan gida, alwala, wanka, sa tufafi, cin abinci, sannan girki, cefane, ɗiban ruwa, wanki, shan magani a kan lokaci, amfani da waya, riƙe kuɗi da fita masallaci ko coci. A gaban kowane aiki a rubuta ko yana yi shi kaɗai, ko yana yi idan an ɗan tallafa, ko ya gagare shi ɗungurungum. Wannan takarda ita ce za ta hana iyali ɗauko mai aiki na yini guda alhali abin da ake bukata bai wuce mai kawo ruwa da mai raka shi asibiti ba. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ma'aikatan lafiya suke yi wanda za a iya yi a tsakar gida: dattijo ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna. Idan hakan ya ɗauke shi daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin waɗanda ake jin musu tsoron faɗuwa, kuma ya kamata a faɗa wa likita.

Mataki na biyu: a yi cikakken awo sau ɗaya, sannan a tsayar da wurin zuwa

Abubuwa da dama da ake dangantawa da tsufa suna da magani. Tsohuwar da ta daina fita saboda ba ta gani sosai wataƙila yanar ido ce, wadda aikinta gajere ne kuma yawanci gani yakan dawo. Tsohon da ake cewa ya fara rikicewa wataƙila kunnensa ne ya toshe, ko kuma wani magani ne yake sa shi jiri. Saboda haka a ware rana a kai shi a auna hawan jini da suga, a duba ido, kunne, haƙori da ƙafafu, musamman idan yana da ciwon suga, domin ƙaramin rauni a tafin ƙafa yakan zama gyambo ba tare da ya ji zafi ba. A rana irin wannan a tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a ajiye su gaban likita. Ba abin mamaki ba ne a tarar yana shan magani iri ɗaya sau biyu da sunaye daban-daban, ko kuma yana shan ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kullum saboda gwiwa, alhali suna iya ɓata ƙoda, su haddasa gyambon ciki, su kuma tayar da hawan jini. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a sayar ba tare da suna ba, a raba dattijo da shi gaba ɗaya.

Ga awon yau da kullum, asibitin mazaɓa ya fi dacewa saboda kusanci. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma tsarin jihar shi ne kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya ta matakin farko, saboda haka a je a gabatar da dattijon ga jami'in da ke kula da cibiyar, a buɗe masa kati, a kuma tambaya ko akwai ma'aikacin lafiya da ke zagaya unguwa. Abin da ya fi ƙarfin cibiyar sai a wuce Babban Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko asibitin St. Luke's da ke Wusasa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake samun ƙwararrun zuciya, ƙoda, ƙashi, ido da sashen gashin ƙashi. Don ido da kunne akwai cibiyoyin ƙasa guda biyu a Kaduna, haka kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa. A nawa ganin, sashen gashin ƙashi shi ne wanda iyalai suka fi yi wa sakaci, alhali su ne suke koya wa wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yadda zai sake tafiya, su zaɓa masa sandar da ta dace da tsayinsa, su kuma nuna wa 'yan gida yadda ake ɗaga mara lafiya ba tare da an ji wa kai ciwon baya ba.

A sayi littafi guda mai bango mai ƙarfi, a rubuta cututtukan da aka gano, sunayen magunguna da lokutan shansu, sakamakon awo da ranar komawa asibiti. Duk wanda zai raka dattijon ya tafi da shi. Idan akwai hali, a sayi na'urar awon jini ta dantse a ajiye a gida. Awon da yake kai 140/90 ko sama a kai a kai yana bukatar a koma wurin likita, ko da dattijon ya ce ba ya jin komai.

Mataki na uku: inshora da fansho

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Mayun 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. A jihar Kaduna hukumar da ke gudanar da tsarin taimakekeniya na lafiya ita ce KADCHMA, kuma tana da tsarin da mutumin da ba ma'aikacin gwamnati ba zai biya kuɗin shekara a yi masa rajista a wani asibiti da ya zaɓa. Ban da wannan, akwai asusun kula da lafiya a matakin farko wanda dokar lafiya ta 2014 ta samar, wanda ta hanyarsa ake yi wa marasa galihu rajista kyauta a cibiyoyin mazaɓu, sai dai guraben ba su da yawa, don haka a tambaya da wuri. A tabbatar dattijon yana da lambar NIN, domin kusan kowace rajista tana nemanta. Kafin a biya, a tambaya a fili waɗanne magunguna da gwaje-gwaje tsarin ya ɗauka, saboda kada a zaci an rufe komai sai ranar bukata a ji akasin haka.

Zariya gari ne na tsofaffin ma'aikatan jami'a, asibiti da jirgin ƙasa. Waɗanda suka yi ritaya a tsohon tsarin fansho na tarayya suna ƙarƙashin PTAD, hukumar da ke biyan fanshon wannan tsari, wadda take bukatar ɗan fansho ya riƙa tabbatar da cewa yana raye lokaci zuwa lokaci ta intanet, ta hanyar ɗaukar hoton fuska da waya ko saka yatsa, kuma wanda ya yi jinkiri ana iya dakatar da kuɗinsa. A ɗora wannan aiki a kan mutum ɗaya amintacce. Waɗanda suke sabon tsarin da aka fara da dokar 2004 kuwa, kamfaninsu na fansho za a tuntuɓa.

Mataki na huɗu: a gyara gidan

Wannan ne matakin da ya fi kowanne riba idan aka kwatanta da kuɗin da ake kashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma faɗuwa ɗaya da ta karya ƙugu tana iya mayar da mai yawo da ƙafarsa ɗan kwance. A bi hanyar da dattijon yake bi daga shimfiɗarsa zuwa bayan gida, da rana da kuma da dare, ana lura da duk abin da ƙafa za ta iya kamawa.

A fara da banɗaki, domin nan ne wuri mafi haɗari. Siminti mai gansakuka da tayil mai santsi duk suna kayar da mutum idan ruwan sabulu ya zuba, saboda haka a goge gansakukar, a gyara kwata ruwa ya riƙa wucewa, a shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa. A kira mai walda ya yi ƙarfen dafawa, magini ya kafa shi cikin bango da siminti a gefen masai da wurin wanka, a daidai inda hannun dattijon yake kaiwa idan zai miƙe. Ƙarfen da aka maƙala da ƙusa kawai ya fi rashinsa haɗari, tunda mutum zai saki nauyinsa a kai. Ga wanda gwiwa ta hana tsugunno, kafinta zai iya yin kujera mai ƙarfi da rami a tsakiya a ɗora a kan masai, ko a sa fo a ƙarƙashinta a ajiye a ɗaki don dare. A samar da kujera mai tsayi, wadda ba 'yar tsugunno ba, don wanka da alwala, a kuma ɗora bokiti da buta a kan dakali don kada ya riƙa sunkuyawa. Ƙofar banɗaki kada ta kasance mai sakatar da ba za a iya buɗewa daga waje ba.

A ɗaki kuma, katifar ƙasa tana wahalar da mai ciwon gwiwa, gado mai tsayi sosai shi ma haɗari ne. Tsayin da ya dace shi ne wanda idan ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa sosai. A cire ledar ɗaki da ta yage ko ta naɗe a baki, a kawar da wayoyin lantarki da ke ratsa hanya, a kuma matso da kayan da yake amfani da su kullum zuwa inda ba sai ya hau kujera ba. Tsofaffin gidajen cikin birni suna da dokin ƙofa mai tsayi da zaure mai duhu, saboda haka inda ba za a iya rage dokin ƙofar ba a shafa masa farin fenti ido ya riƙa ganinsa, a sa madafa a gefe. Tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, a sa fitilun sola a ɗaki, a hanyar banɗaki da zaure, tocila kuma ta kwana kusa da matashinsa. Rijiyar tsakar gida a yi mata murfi, a kuma daina barin dattijo yana jan guga. A yi yarjejeniya da ɗan garuwa ya riƙa cika randa ko duro a ranakun da aka tsayar.

Silifas da ya sile a ƙasa da doguwar riga mai jan ƙasa suna cikin abubuwan da ke kayarwa. A samo takalmi mai kama dunduniya. Idan sanda za a yi amfani da ita, mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu idan mutum yana tsaye hannunsa a sake, a sa mata roba a gindi, kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, wato idan ƙafar hagu ce mai ciwo sanda tana hannun dama. Mutane da yawa suna yin akasin haka.

Lokacin hunturu ana kai wa tsofaffi kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana sa barci mai nauyi har mutuwa, haka ma hayaƙin janareta. A ɗumama ɗakin a fitar da kaskon kafin kwanciya, a ƙara bargo da safa, janareta kuma ya zauna a fili nesa da taga.

Mataki na biyar: a raba aiki, a kuma ɗauki mai taimako idan da bukata

Idan aka ce kula da Baba aikin kowa ne, a ƙarshe yakan faɗa kan mutum ɗaya, yawanci wata 'ya ko suruka da ke kusa, har ta gaji ta fara ƙosawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi zaman iyali, har da na nesa ta waya, a fito da takardar mataki na farko, a sa suna a gaban kowane aiki: wane ne mai kai shi asibiti, wace ce mai aiko da abinci, wa zai riƙa kiransa kowace safiya, nawa kowa zai bayar a wata. A naɗa mutum ɗaya ya zama mai haɗa komai, shi ne likita da mai aiki za su kira, shi kuma ya riƙa rubuta abin da aka kashe don gudun zargi tsakanin 'yan uwa. Wadda take ɗauke da jinya kullum a tsara mata ranar hutu da wanda zai karɓe ta.

Idan za a ɗauki mai aiki, a bambance iri biyu. Akwai mai taimakon gida, wanda aikinsa shara, wanki, girki, aike da tallafa wa dattijo wajen wanka da sa tufafi. Akwai kuma ma'aikacin jinya ko na lafiyar al'umma da zai riƙa zuwa don wanke gyambo, yin allura, canza robar fitsari ko awon suga, wanda dole ne a ga shaidar karatunsa da lasisinsa, kuma ya fi kyau a samo shi ta hannun asibitin da dattijon yake zuwa. Kada a bar mai taimakon gida ya yi allura ko ƙarin ruwa don ya taɓa ganin ana yi. Haka kuma yarinya 'yar shekara goma sha wani abu ko almajiri ƙarami ba za su iya ɗaga babban mutum ko gane alamar haɗari ba; aike da shara daban, jinya daban. A nemi baligi mai hankali, mace ga mace, namiji ga namiji a abin da ya shafi tsiraici, wanda mai unguwa ko limami ya sani, kuma yana da wanda zai tsaya masa. A rubuta ayyukansa, lokacin zuwa da tashi, albashi da ranar hutu, a fara da gwajin mako biyu, sannan a tambayi dattijon a keɓe ko ya gamsu.

A koya wa mai aikin ya bar dattijo ya yi abin da yake iyawa ko da zai ɗauki lokaci. Idan Inna tana iya tsinke zogale ko ɗaura ɗankwalinta, a bar ta, domin gaɓar da aka daina amfani da ita takan mutu da wuri. Ga wanda yake kwance, a riƙa juya shi duk bayan awa 2, ana duba ƙugu, gadon baya da dunduniya, a kuma canza masa shimfiɗa da zarar ta jiƙe. 'Yan uwa su riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'i na cin zarafi, kuma ba daga baƙi kaɗai yake zuwa ba. Tabo a jiki da ba a san dalilinsa ba, rama, tsoron wani mutum ko ɓacewar kuɗi duk abin bincike ne.

Maƙwabta su ne suka fi kowa kusa idan wani abu ya faru. A ba amintaccen maƙwabci makulli da lambobin waya, a roƙe shi idan bai ga Malam a sallar asuba ba ko bai ji motsin Hajiya ba har hantsi, ya leƙa. 'Yan agajin masallatai, ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN da zumuntar mata a coci, da kwamitin ci gaban mazaɓa sukan taimaka da ziyara ko kai mara lafiya asibiti, kuma dattijon da ba shi da hali yana cikin masu haƙƙin zakka, don haka sanar da limami halin da yake ciki ba abin kunya ba ne.

Mataki na shida: abinci, ruwa da magani

Tsoho da ke zaune shi kaɗai yakan koma koko da shayi saboda girki ya yi masa nauyi ko haƙora sun zube, daga nan ƙarfi ya tafi. A tabbatar kullum akwai abin gina jiki mai laushi kamar alale, ƙosai, faten wake, awara, ƙwai, nono, kifi ko kunun gyaɗa, tare da ganye. Gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma magi yana cikin lissafin. Daddawa da kayan yaji suna iya cike gurbin ɗanɗano. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar matasa, wasu kuma suna ƙin sha don gudun yawan fitsari, saboda haka a watannin Maris zuwa Mayu a ajiye masa gorar ruwa a gefensa a riƙa lura da yadda take raguwa, sai dai idan likita ya taƙaita masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda.

Hanyar da ta fi sauƙi ta tuna magani ita ce a ɗaura shi da lokutan sallah ko na cin abinci, gwargwadon yadda likita ya tsara, a kuma zuba na mako guda a akwatin magani mai gida bakwai. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Kafin azumin Ramadan, mai ciwon suga ko ƙoda ya ga likita a sake tsara masa magani, a kuma tuna masa cewa shari'a ta yi rangwame ga tsohon da azumi ya gagara ya ciyar, kamar yadda ta yarda wanda ba ya iya tsayuwa ya yi sallah a zaune ko a kishingiɗe.

Mataki na bakwai: fita da kuɗi

Kada tsoron faɗuwa ya sa a kulle dattijo a ɗaki. Tafiya zuwa masallaci, majalisa, islamiyya ko gidan suna motsa jiki ce kuma maganin kaɗaici, sai dai a samo masa ɗan rakiya da kujera a sahu. A daina ɗora shi a acaɓa. A yi magana da mai Keke Napep ɗaya da aka sani, wanda zai zo ƙofar gida ya jira shi. A saya masa waya mai manyan madannai, a sa lambobin mutum uku a bugun gaggawa, a kuma tabbatar tana da caji da kati.

Kuɗinsa nasa ne, kuma a bar masa na kashewa a hannu, domin tsohon da sai ya roƙa kafin ya ba jika kyauta yakan ji an wulaƙanta shi. A gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa lambar sirrin katinsa, BVN ko lambar da banki ya turo ta saƙo, ko da mai kiran ya ce daga banki ko ofishin fansho yake. Idan wani ne yake cire masa kuɗi a POS, saƙon banki ya riƙa zuwa wayar da wani ɗan uwa na biyu yake gani. Takardun gida, gona da fansho a adana su wuri guda da saninsa.

Mataki na takwas: shirin gaggawa da sake duba tsari

A rubuta takarda da manyan baƙaƙe a manna a bango: lambobin 'yan uwa, maƙwabci, mai mota da zai iya fitowa da dare, lambar gaggawa ta ƙasa 112, da sunan asibitin da za a nufa. A ware wani kuɗi da ba a taɓawa sai don wannan. Duk wanda ke gidan ya san cewa karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya da sarƙewar magana alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kuma a nufi babban asibiti nan take ba tare da an ɗura masa ruwa, abinci ko rubutu ba, domin yana iya shaƙewa. Addu'a ana yin ta a hanya. Ciwon ƙirji mai tsanani da sarƙewar numfashi su ma haka. Mai ciwon suga da ya fara gumi, karkarwa da ruɗewa, idan yana iya haɗiya a ba shi babban cokali na suga ko zuma, sannan a kai shi asibiti, idan kuwa ya suma kada a sa masa komai a baki. Wanda ya faɗi ya kasa taka ƙafa kada a miƙar da shi da ƙarfi, a ɗauke shi a kwance a yi hoton ƙashi kafin a yi zancen ɗori, saboda karayar ƙugu yawanci aiki take bukata. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuma kada a ce gigin tsufa ne, domin sau da yawa zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa ko wani magani ne ya jawo ta, kuma tana warkewa idan an yi maganin sanadin.

A sake fito da takardar farko duk bayan wata 3, da kuma bayan kowace faɗuwa ko kwanciya a asibiti, a ga abin da ya canza. Idan dattijo ya fara barin wuta a kunne, ko fita ya kasa gane hanyar gida, ko maimaita shan magani, ko faɗuwa a kai a kai, zama shi kaɗai da dare ya ƙare. Ko a nan ma ba lallai sai an ɗauke shi ba: a fara da samo wanda zai riƙa kwana a gidan, ko wani ɗa ya dawo da iyalinsa wani sashe na gidan, a kuma sa masa takarda mai suna da lambar waya a aljihu, a sanar da maƙwabta da masu shagunan layin. Idan duk wannan bai wadatar ba har ya zama dole ya koma gidan ɗaya daga cikin 'ya'yansa, a yi shawarar da shi tun yana iya bayyana ra'ayinsa, a tafi masa da gadonsa, rediyonsa da littattafansa, a kuma karɓo takardar tura shi asibitin da ya fi kusa da sabon wurin tare da littafin magungunansa.